Kawu Ya Shigo Gona da La'asar

Yaya Hannatu,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya yara? Nan Mayahi fari ya ƙone hatsi, sojoji kuma sun hana a ambaci yunwa.

Kawu Bawa ya rasu. Shi da ya kore mu daga gonar Baba don mun bi Almasihu, yana kwance ya nemi baftisma. Na ƙi zuwa. Fasto ya tuna mini misalin 'yan ƙwadago: Allah ne mai gona, ceto ne lada, wanda ya shigo aiki da safe da wanda ya shigo da la'asar ladansu ɗaya.

Na ce, "Mu muka sha rana!"

Ya ce, "Ranar gayya, kin taɓa rage wa wanda ya makara fura?"

Ban taɓa ba, Yaya. Amma har yau ban taka kabarinsa ba. Ki roƙa mini sanyin zuciya. Ki gai da Inna.

Ƙanwarki, Talatu