Tasha ko Gayya

Bande, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙawata Zahara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya Dungas, ya zafi, ya maigidan da yara? Ya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai jiran ruwa. Yayyafi ɗaya aka yi, ko ƙasa bai jiƙa ba.

Sau uku ina kiranki a waya rezo yana yankewa, shi ya sa na koma irin tamu ta da, takarda da biro.

Kin tuna alkawarin da na yi wa 'yan kilas ɗina na katiriyam, wato aji uku na sakandare? Na ce in suka raya itatuwan da muka dasa a filin lakwal, wato makarantarmu, har ƙarshen shekara, zan kai su Damagaram su ga teyatur, wasan kwaikwayo na gaske, a kan dandamali, irin mai waƙa da rawa. Na kuma ce su za su zaɓi wasan da bakinsu, ni ba ruwana. To sun raya su, in ban da ɗaya da akuya ta cinye. Direkta ya sa hannu, iyaye sun yarda, an samu mota. Sharaɗin iyaye biyu ne: mu dawo kafin magariba, kuma Goggo Daso ta raka mu. Ita ce shugabar iyaye mata, tsohuwa ce mai ƙarfi, in ta yi gyaran murya har malamai gyara zama suke.

Ga inda gizo ke saƙa. Asabar mai zuwa wasa biyu za a yi, a zaure biyu, kuma duk bayan azahar. Ɗaya sunansa "Tashar Kan Iyaka", na ban dariya ne, da jita da fitilu masu launi, an ce har babur na gaske ake hawa da shi kan dandamali. Ɗayan "Gayyar Manzo", da gangar noma da 'yan mata ishirin masu amshi. Mai rabon kujeru ya ce in faɗa masa sunan wasa ɗaya kafin azahar ɗin Alhamis, in ba haka ba ya ba wata makaranta wurinmu. Direkta kuma ya ce mota ɗaya, 'yar rakiya ɗaya, zaure ɗaya. Ba a raba yara. Ɗagewa kuwa ba ta yiwuwa, don ranar da ruwa ya sauka kowa gona zai nufa.

Na manna hotunan wasannin biyu a tabulo, allon kilas, na ce a yi ƙuri'a yadda na koya musu, kowa ya rubuta a ɓoye ya jefa a kwali. Yara ashirin da takwas. Aka ƙirga: sha huɗu, sha huɗu.

Kowane ɓangare da jagoransa. Fanna, 'yar Barebarin nan mai bakin tsiya da na taɓa ba ki labari, ita ke jan 'yan Tasha. Ta ce su da suka baro hauya a gida, a ɗauke su a mota har birni su je kallon masu riƙe da hauya? Hamman, ɗan Fulanin rugar gabas, shi ke jan 'yan Gayya. Ya ce babur kam ko yanzu Fanna ta leƙa taga za ta ga goma, kuma ba a taɓa jin Babarbare ya san waƙa mai daɗi ba. Kin san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ta ce masa bawanta, ya ce mata baiwarsa, kilas ya kwashe da dariya, amma ba wanda ya motsa daga inda yake.

Ke kaɗai zan faɗa wa wannan: raina yana wajen Gayya. Tun da na ga hoton gangar nake jin muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, lokacin da take ba da waƙa a gayyar garinmu Yekuwa ina riƙe da gefen zanenta. Da kalma ɗaya zan iya karkato su. Amma shekara guda ina koya musu cewa ƙuri'a ƙuri'a ce, da wane ido zan dube su?

Ki taya ni da addu'a. Ki gaida Inna da kyau.

Taki,
Hinda

Bande, ranar Alhamis

Ƙawata Zahara'u,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, ke da mutanen gida. Na ji an yi ruwa wajenku shekaranjiya, Allah ya sa mai albarka ne. Mu har yanzu hadari ne ke haɗuwa yana watsewa.

Zauna da kyau kafin ki karanta wannan.

Ranar Litinin na ba kowane ɓangare dama ya jawo ra'ayin ɗaya. 'Yan Tasha suka kwaikwayi wasansu a ƙarƙashin dalbejiya, alhali ba wanda ya taɓa ganinsa, benci ya zama babur. 'Yan Gayya suka kifa bokiti suka mai da shi ganga. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Aka sake ƙuri'a. Sha huɗu, sha huɗu.

Talata ba a yi maganar ba, kowa ya kumbura. Na koma gida ina tunanin jarkokin ruwan da yaran nan suka yi ta ɗauka tun daga rijiya cikin zafin bazara saboda itatuwan.

Jiya Laraba sai dabara ta zo wa Fanna. Kin san muna cikin watan cika-ciki, lokacin da abokan wasa ke bin juna shara, 'yar kyautar nan ta shekara-shekara. Ana fitowa hutun ƙarfe goma ta tare Hamman a bakin ƙofa, gaban kowa, ta miƙa hannu ta ce bawanta ya ba ta shararta, kuma ita bana ba ta son komai sai ƙuri'arsa. Abokin wasa ya roƙe ka shara a bainar jama'a ka hana, ai har rugarsu sai an yi masa gori. Hamman ya ce ya ba ta. 'Yan Tasha suka hau tsalle.

Ashe gogan bai gama ba. Ya bari sai da suka gaji da murna, sannan ya gyara hularsa, ya miƙa nasa hannun, ya ce to ai ubangida ma yana da shara a kan baiwarsa, shi ma ƙuri'a yake so. Zahara'u, da kin ga fuskar Fanna. Ta duba hagu, ta duba dama, ba mafita. Ta ce ta ba shi.

Aka kawo kwali. Hamman ya jefa wa Tasha yana ɓata rai, Fanna ta jefa wa Gayya kamar an ba ta maɗaci. Kowannensu ya cika alkawari, ban ga wanda ya yi ha'inci ba, kuma wallahi na ji daɗin wannan. Aka ƙirga. Ba sai na faɗa miki adadin ba.

Yau da safe saura awa uku wa'adi ya cika, na riga na fara shirya kalmomin da zan ba su haƙuri. Sai ga Goggo Daso ta shigo da sandarta, wai ta zo jin ƙarfe nawa mota za ta tashi. Na yi mata bayani. Ta dubi tabulo, ta dube ni, ta tambaya kujera nawa aka kama. Na ce talatin, da ni da ita. Ta ce to ni na ce ba na zaɓe, wannan ruwana, amma ita buhun gero ce da za a ɗora a mota ba a tambaye ta ba?

Na juya ga yara na ce su za su yanke, Goggo tana da ƙuri'a ko ba ta da ita. 'Yan Gayya suka amsa da ƙarfi, don kowa ya san a zamanin ƙungiyar matasa ta Samariya ita ce zabiyar garin nan. 'Yan Tasha suka yarda don kunya, Fanna har ta kifa kai a tebur. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, zuciyata har ta fara kaɗa ganga.

Goggo ta ce ita ba ta iya rubutu ba, kuma ba ta saba ɓoye magana a kwali ba. Ta ɗaga sanda ta dangwala a kan hoton babur. Ta ce shekara sittin tana cikin gayya, ba waƙar noman da yaran birni za su koya mata. A kai ta ta ga fitilu.

Na kira mai kujeru tun kafin ihun ya lafa. Jibi sai Damagaram.

Ki gaida kowa.

Taki,
Hinda

Bande, ranar Juma'a

Ƙawata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya damina, ya jikin Inna? Takardarki ta iso, na ga gorin da kika yi mini na shirun sati uku. Ina da hujja, ki bari ki ji.

Mun je, mun gani. Tun da aka kashe fitilun zaure aka kunna na dandamali, yaran da ba sa rufe baki a kilas suka yi tsit. Kafin a fara wani saurayi ya roƙi jama'a a yi shiru har a gama, na kuma ja musu kunne a kan haka. Sun yi ƙoƙari. Amma da babur ya hau dandamali da buhuna da kaji a bayansa, Goggo ta rangaɗa guɗa tun daga layi na biyar. Da jarumar wasan ta rera waƙar 'yan tasha ta zo wurin amshi a karo na biyu, sai na ji murya ashirin da takwas sun karɓa. A wajensu ba a barin mai waƙa ita kaɗai, rashin ladabi ne. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai jarumar ta yi dariya, ta matso bakin dandamali, ta juyo da makirfo wajenmu. Daga nan zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Wanda ya fi kowa ɗaga murya Hamman ne, kuma Fanna ta ce har ya mutu ba za ta bar tuna masa ba.

Mun shigo Bande rana ba ta faɗi ba, da hadari baƙi ƙirin a bayanmu. A daren ruwa ya sauka, washegari kowa yana gona.

Na yi murna ƙwarai, amma ba zan ɓoye miki ba, da muka wuce ƙofar ɗaya zauren na jiyo gangar noma daga ciki, sai da na kau da kai.

Shekaranjiya Goggo ta aiko wai in zo gonarta da hantsi, tana da gayyar noman farko. Na tarar da kilas ɗina kusan duka, 'yan Tasha da 'yan Gayya a kunya ɗaya, ga makaɗi da gangarsa. Ta kama hannuna ta ce, "Madam, kin zaci ban ga fuskarki ba ranar da na taɓa babur? Na ci ƙuri'arki, yau zan biya ki." Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ba da waƙa.

Zahara'u, waƙar mahaifiyata ce. Sunayen gonaki ne kawai suka bambanta da na Yekuwa. Ban san lokacin da na karɓi amshi ba, yara suka tsaya da hauya a hannu suna kallona, don ba su taɓa jin na yi waƙa ba. Fanna ta miƙo mini tata hauyar, wai tunda na iya amshi sai in nuna musu sauran. Na tuɓe takalmi na shiga kunya.

Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza. Tafin hannuna duk bororo ne, da ƙyar nake riƙe biro.

Ki gaida maigidan da yara, ki ce wa Inna ina nan tafe cikin hutu.

Taki har kullum,
Hinda