Wa Ya Raba Ka da Maganinka, Yaya?

Zuwa ga Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, babu kuma wanda zan ba ya kai maka ita inda kake. Allah ya haskaka makwancinka.

Mutanen gida suna lafiya. Inna tana nan garinmu Ƙofa, ƙafar ta yi sauƙi, sai dai ta daina zuwa bikin kowa. Gonarka ta bakin rafi ƙanenta Kawu Isuhu ke nomawa bana, dawa ya shuka inda ka saba shuka gero. Matarka Zulai ta gama takaba amma ta ƙi komawa gidansu a Sukuntuni, ta ce za ta zauna da Inna har a yaye 'yarku Ummi. Ummi ta fara tafiya, goshinka ne da ita sak.

Ni kuma ina jami'a, ina kan binciken nan da kake mani dariya a kai, wai an tura ni karatu na ɓuge da fiɗar ɓeraye. Ban taɓa gaya maka saboda kai na zaɓi karatun ƙwaƙwalwa ba. Tun ina ƙarama nake ganin farfaɗiya tana kayar da kai a tsakar gida, mutane suna ja baya wai kada yawunka ya taɓa su. Ina so in san abin da ke faruwa a cikin kanka a irin wannan lokaci.

Ga ɗan abin da na sani yanzu. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa aika wa juna saƙo suke yi ta wasu ƙananan mahaɗai. Wani saƙon na zuga ne, da wani sinadari ake aika shi, sunansa gulutamet. Wani kuma na kwantarwa ne, shi ke taka birki. Idan zugar ta fi ƙarfin birkin, ƙwayoyin su tashi gaba ɗaya, mutum ya faɗi yana jijjiga. Aikina a kan mahaɗan birkin yake. Abin da ya ba ni mamaki, su ma suna da wuraren karɓar gulutamet ɗin. Da ya taɓa wurin sai ƙwayar ta saki wata iska, naitirik oksaid, ta koma baya wurin mai taka birkin ta sanar da shi ya gyara takunsa. Ashe ƙwaƙwalwa tana jin hayaniyar kanta, tana ƙoƙarin kwantar da ita. A ɓera muke ganin haka. Ko nan ne naka ya samu matsala, ban sani ba, malaman nawa ma ba su sani ba. Abin da babu shakka a kansa shi ne ƙaramar farar ƙwayar da aka rubuta maka a asibiti a Kankiya birkin take taimaka wa, kuma wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke ta lokaci ɗaya, ciwon yakan dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Shi ya hana ni sakewa, Yaya. Ka yi shekaru ba ka faɗi ba. Me ya sa sai a daminar bara, kana noma kai kaɗai, ka kife cikin ruwan da ya kwanta tsakanin kunyoyi, ruwan da bai kai idon sawu ba? Inna ta ce ajali ne. Na yarda ajali ne. Amma ta ina ya biyo?

Da farko mai kemis ɗin kasuwa na zarga, wanda kake saye wurinsa idan ba ka samu shiga asibiti ba. Na je na sayi ƙwayar kamar ban san kowa ba, na kai makaranta aka duba mani. Mai kyau ce. Ban ji daɗin wannan sakamako ba, don shi ne mutumin da ya fi sauƙin tsana.

Sai hankalina ya koma kan Kawu. Ka san bakinsa bai taɓa sauka daga kan maganin nan ba, kullum cewa yake yana dakushe kai, yana mai da namiji rago. Ranar sadakar uku na ga wani mai maganin gargajiya daga wajen Fakuwa zaune kusa da shi, suna magana ƙasa-ƙasa, da na matso da ruwa suka yi shiru. Me ya haɗa ka da mutumin nan? Kuma me ya sa Kawu ya riga kowa maganar wanda zai riƙe gonar? Ina jin kunyar wannan tunani, amma bai bar ni ba.

Zulai ma ban ƙyale ta ba. Duk lokacin da na ambaci magani sai ta tashi wai ta bar tukunya a wuta.

Makon jiya zazzaɓi ya kama Ummi, ta sanƙare, idanunta suka juye. Kawu ya ce gado ne, a kai ta Fakuwa tun da wuri. Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba sai ranar. Na goya ta, Zulai ta biyo ni, muka hau mota zuwa Kankiya. Likita ya ce zafin zazzaɓin cizon sauro ne ya jawo, yara da yawa suna yin haka su wuce shi, amma a riƙa lura da ita. Ta warware, tana cin abinci.

A kan bencin asibitin ne Zulai ta buɗe baki. Ta ce tun kafin ruwan farko na daminar ka daina shan maganin. Ta ce ka gaji da barcin da yake sa ka, ka gaji da a riga ka fita gona, ka ce ka warke, kuma ka sa ta rantse ba za ta gaya mani ba don ka san zan zo in tayar da hankali. Na tambaye ta ko Kawu ne ya zuga ka. Ta ce ba ta sani ba, ta sunkuyar da kai.

Gaskiya ta faɗa, ko wani take karewa? Kai ba ka nan balle ka ƙaryata ta. Amma na tuna zuwana na ƙarshe, yadda na same ka garau, kana ta barkwanci, kana cewa kanka bai taɓa washewa haka ba. Murna na yi.

In kai ne ka yanke wa kanka, Yaya, me ya sa ba ka tambaye ni ba? Akwai wasu magungunan da ba su sa barci haka, da likita ya canza maka a hankali. Ka ɗauka zan raina ka? Ko ka gaji ne da zama wanda kowa ke lura da shi?

Har yanzu ina gaida Kawu ina durƙusawa, ina kallon hannuwansa. Ban san ranar da zan daina ba. Abin da na iya yi shi ne na gaya wa Inna da Zulai, a gabansa, cewa duk abin da ya shafi lafiyar Ummi sai an kira ni, kuma Inna ta amsa.

Ina fushi da kai, ina kuma yi maka addu'a bayan kowace salla. Allah ya gafarta maka, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Rabi