Jan Ya Zame Kaɗan

Litinin, 3 ga Maris

Wata biyar ke nan da rufe maɗaba'armu. Shekara goma sha shida ina kan injin buga launi, yau ga ni ina yawo da takarduna a leda. Wuri uku na je, ko'ina maganar ɗaya ce: kasuwa ta mutu, su ma rage mutane suke yi. Wani manaja ma cewa ya yi in na samu wuri in tuna da shi. Muka yi dariya, amma tawa iyakarta baki.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗakin abokina direba da nake kwana ba shi da laifi, sai dai ba nawa ba ne. Tunda muka saki gidan haya, matata da 'yarmu Gimbiya suka koma wajen yayanta, tafiyar awa huɗu a mota. Cewa muka yi wata ɗaya ne. Ga shi an shiga na uku. Ina kewarsu, wallahi, har abinci ba ya yi mini daɗi.

Laraba, 12 ga Maris

Ba labari. Takalmina ya fara buɗe baki.

Lahadi, 16 ga Maris

Mun yi waya. Gimbiya ta zubar da haƙorin gaba, tana ta ba ni labari iska na fita. Da uwar ta karɓi wayar sai ta ce Yaya ya fara maganar sa yarinyar a makaranta can, tunda sabon zango zai kama tsakiyar watan gobe. In aka sa ta, shi ke nan, sun zauna sai baɗi. Mutumin kirki ne, ba ni da ta cewa. Amma shekara guda? Kai!

Talata, 18 ga Maris

Alhamdu lillahi. Wata ƙaramar maɗaba'a a bayan tasha, masu buga kwalin sabulu, sun ce in zo gwaji gobe. Injin tsoho ne, launi biyu, ja da baƙi. Da na shaƙi warin tawada sai da idona ya kawo ruwa, na wayance da tari.

Laraba, 19 ga Maris

Na ɓata gwajin.

Yadda tsohon ogana ya koya mini ke nan: kowane ɗari ka zaro takarda ɗaya, ka fita da ita bakin ƙofa, ka duba a haske. Na duba, jan ya zame daga gefen rubutun, bai fi kaurin gashi ba. Na tsayar da inji na gyara. Ya sake zamewa, na sake tsayarwa. Sau huɗu, kuma duk wanda ya ɓaci ina ware shi gefe. Maigidan ya fito yana tambayar wa ya ce in tsayar. Na nuna masa. Har gilashi ya sa, bai ga komai ba.

Ya ce, “Malam, takarda yanzu ta fi ni da kai tsada. Mai sayen sabulu yaga kwalin yake yi ya yar.”

Ya ce kada in wahalar da kaina gobe.

Alhamis, 20 ga Maris

Na gaya wa matata a waya. Ta saurara har na gama. Can ta ce, “Baban Gimbiya, ban ce ka yi ba daidai ba. Amma mu ma fa muna nan.”

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 29 ga Maris

Ƙafa ta kai ni tsohuwar maɗaba'armu, ban san dalili ba. Maigadi ya bar ni na leƙa ta taga. Injina na nan an lulluɓe shi da tamfol. A ɗakin nan ba a taɓa fitar da aiki ja yana leƙen baƙi ba, ko mai aikin zai yi kuka. Na daɗe a tsaye kamar wanda ya zo dubiya.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yaya ya karɓo takardar makaranta. Wai har an auna Gimbiya kayan makaranta, tana ta murna.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na koma bayan tasha na ba maigidan haƙuri. Ni, da furfurata. Ashe wanda ya ɗauka bayana bai iya komai ba, aiki ya taru masa. Ya ce in zo Litinin, amma kada ya ji injin nan ya yi shiru.

Litinin, 7 ga Afrilu

An ɗauke ni.

Tun ɗari ukun farko jan ya zame, ba sai na fita haske ba, daga inda nake na gani. Hannuna har ya kai kan madannin tsayarwa, na janye shi na sa a aljihu. Dubu shida suka fita haka. Ai kwalin sabulu ne. Maigidan ya dafa kafaɗata ya ce yanzu muka fahimci juna.

Na kira ta na ce ta gaya wa Yaya ya dakata da maganar makaranta, zan fara neman ɗaki. Ina jin Gimbiya tana ihu a bayanta. Uwar ta tambaye ni ya aikin. Na ce lafiya lau, injin bai ba ni matsala ba.