Ina Kan Gaisuwa Ƙararrawa Ta Kaɗa

Hajiya Madina, ki taimake ni da shawara kafin Asabar, don na kasa zama wuri ɗaya. 'Yata Safara'u ta ci jarrabawar ƙwarewa a likitancin ƙwaƙwalwa, a zaman farko kuwa. Tun da labarin ya iso nake zagaya Bukuru ina faɗa wa kowa, har mai faci sai da na tsayar.

Jarrabawar nan ce ta yi ta kayar da ni a zamanina har na haƙura. Ba rashin sani ba ne, ni ke zuwa na ɗaya a ajinmu. Majinyaci ake ba ka ka duba cikin ɗan taƙaitaccen lokaci. Ni kuwa na san mutanenmu, ko mutum na cikin wuta "lafiya lau" zai ce, sai ka tambayi gida da yara da gajiya kafin ya buɗe maka cikinsa. Ina kan gaisuwa sai ƙararrawa ta kaɗa, lokaci ya ƙare. Abokanmu da suka samu horo a waje, masu faɗawa kan tambaya kai tsaye, su suka riƙa wucewa, mu 'yan gida muna zubewa. Yau suna kan manyan kujeru, ni ina ƙaramin asibiti ina awon hawan jini.

Ranar Asabar za a yi wa Safara'u walima, malamanta masu shirya jarrabawar za su zo, ni zan yi jawabi. So nake in amayar musu da wannan ido da ido. Mahaifiyarta ta ce in na yi, na kunyata yarinyar gaban waɗanda za ta yi aiki a ƙarƙashinsu. To, in sake yin shiru ke nan?

Tsohon Likita, Bukuru

Baba, barka da arziki, Allah ya sanya albarka.

Ƙorafinka abin dubawa ne. In masu horo iri ɗaya ne ke yawan faɗuwa, ya kamata a binciki dalili. Su ma masu jarrabawar suna da hujja, likitan da layi ke jira ba shi da yini guda kan mutum ɗaya.

Amma walima ba wurin wannan ba ce. Kai za ka huce ka koma gida, ita ce za ta haɗu da su ranar Litinin. Ka kai maganar gaban ƙungiyar likitoci, can za ta yi amfani. Ka kuma tambayi Safara'u yadda ta yi da "lafiya lau" cikin ɗan lokacin nan, ina zaton a wurinka ta fara koya.

Ranar Asabar kuwa, ka tashi ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har gida da yara da gajiya. Wannan karon babu mai kaɗa maka ƙararrawa. Allah ya sa a yi taro lafiya.