Sunan da Baba Ya Rubuta a Kwalta

Claupa, 9 ga Yuni

Zuwa ga yayana Fulvio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Loredana da yara, Ya ƙara muku rufin asiri a can Toronto. Mu nan mun gode Allah. Ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, an hau da shanu makiyayar sama tun makon jiya. Maigidana Danilo yana nan yana fama da gwiwarsa, ni kuma ina fama da shi. 'Yata Silva ta gama jarrabawa, ta yi tsawo har ta wuce ni, ga bakin tsiya irin naka.

Na san za ka yi mamakin takarda a zamanin waya. Ai kai ka jawo. Duk ranar da na kira ka na ambaci Baba, nan take sai wani aiki ya taso maka, ita kuwa takarda ba ta da wurin kashewa. Yaya, Baba ba shi da lafiya. Zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura, daga gado zuwa bakin taga sai ya huta sau biyu. Likitar ta ja ni gefe ta ce ba ta tsammanin zai kai kaka. Shekara tara ke nan ba ku yi magana ba, kuma tsorona ɗaya ne, kada ya tafi a haka.

Ban manta ranar ba, don ni na kwashe kwanukan. Mun dawo daga addu'ar cikar Mama shekara ɗaya, polenta, tuwon masararmu, na kan tebur tana tururi, aka soma zancen keke kamar yadda kuka saba tun kana ɗan shekara goma. A shekarar addu'ar nan ne Terpin, yaron nan na ƙetaren iyaka, ya fara cinye duk tseren da ya shiga. Ka ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Baba ya ajiye cokali ya ce ai gaban Brusadin, gwanin zamaninsu, ko goran ruwa bai isa ya ɗauka ba. Ya ce Brusadin sau biyu kawai ya ci babban tseren watan Mayu, amma a kan tsakuwa ya ci, da keken ƙarfe mai nauyin ɗan maraƙi, cikin ƙanƙara, kuma da maza uku a bayansa waɗanda kowannensu zakara ne a garinsu. “Naka fa? An maƙala masa rediyo a kunne ana ce masa sha ruwa, taka, tsaya. Wa ya kayar? Fili ya tarar ba kowa, ya yi ta rawa.” Kai kuma ka ce filin ba haka ya tarar da shi ba, shi ya share shi, kuma wanda ya ci a dutse, ya ci a shimfiɗe, ya ci a ruwa da rana, ba sai an tono kakanni an auna shi da su ba.

Da a nan kuka tsaya, da an sha kofi an watse kamar kullum. Amma ka kai hannu inda bai kamata ba. Ka san shekara goma sha ɗaya Baba ya yi yana tseren keke a ƙarƙashin Brusadin, yana tare masa iska, yana komawa baya ya cika riga da gorunan ruwa ya kawo masa. Ka san rana ɗaya tak ya taɓa samun kansa a gaba, saura kilomita shida ya ci, tayar Brusadin ta fashe, ya tsaya ya cire tasa ya ba shi, ya zauna a bakin hanya yana kallon mutane na wucewa. Sai ka dube shi a gaban surukai ka ce, “Da ƙafar kekenka ya yi suna, ko katin Kirsimeti bai taɓa aiko maka ba har ya mutu. Bawa ne kawai ke yabon ubangidansa.” Baba ya nuna maka ƙofa, kai kuma ka bi ta har Kanada. Na daɗe ina jin haushinku, ku biyun. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ban taɓa jin sun raba baki ba.

Ni dai ban san wanda ya fi wani ba, kuma na gaji da ji. Abin da na lura shi ne, kai kofunan nasara kake ƙirgawa, shi kuma idan ya yarda Brusadin ba kowa ba ne, to tayar da ya bayar fa? A banza ke nan ya zauna a bakin hanyar. Kansa yake karewa, Yaya, ba wani ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bana tseren ya biyo ta hawan dutsenmu na San Floriano, karo na farko cikin shekara bakwai, kuma an ce wannan ce shekarar Terpin ta ƙarshe. Ka san al'adar Baba. Duk tseren da zai bi ta nan, babba ko ƙarami, sai ya hau da bokitin farin fenti ya rubuta BRUSADIN a kan kwalta a kwanar hanya ta tara, inda hawan ya fi tsanani. Shekara arba'in yana yi, har mutanen gari ba sa rubuta komai a wurin, sun bar masa. Ana saura kwana biyu ya ce in gaya wa Danilo ya fito da mota. Na ce likita ta hana. Ya ce, “Likitar ta taɓa hawa keke? Ɗauko mini bokitina, ke dai.” Na san mai hali ba ya fasa halinsa, sai na ɗauko.

Da hantsi muka hau, mu uku da Kawu Nerio, abokin Baba na wasan karta, wanda ya ce ba za a yi wannan wauta ba shi ba. Hanya ta riga ta cika da motocin baƙi, ana gasa nama, ana kafa tutoci. Da muka kai kwana ta tara mutane suka gane shi, suka buɗe masa wuri, wasu har da tafi. Muka ɗaura burushi a jikin sanda don kada ya sunkuya. Danilo ya ce ya kawo ya rubuta masa, Baba ya ce wanda ya taɓa sandar nan sai ya kwaɗa masa ita. Ya tsoma, ya ja layi ɗaya dogo, ya huta. Ina jiran in ga cikin B ya fito, sai na ga ya ja wani layin a sama, a kwance.

Kawu Nerio ne ya fara ganewa. Ya cire hula ya ce, “Kai Ettore, ciwon ya hau kai ne? T nake gani fa!” Baba ko kallonsa bai yi ba. Harafi shida, ya yi kusan awa ɗaya a kansu, kowane ɗaya sai mun zaunar da shi a kujera ya mai da numfashi. Da ya gama, ga TERPIN nan ɓaro-ɓaro daga wannan gefen hanya zuwa wancan, da irin R ɗinsa mai doguwar ƙafa. Kawu Nerio ya ce, “Shekara arba'in kana cika mana kunne a shagon Gilda, ashe tuba za ka yi a ƙarshe? Bari in je kabarin Brusadin in kai ƙararka.” Baba ya ce, “Tuban me? Har gobe Brusadin ya fi shi, nesa ba kusa ba. Ƙarfin rubuta suna ɗaya kawai gare ni, shi ke nan.” Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, wai jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama kullum yana nuna kwana ta tara, kuma akwai wani mai taurin kai a Kanada da ko gobara ake yi ba ya barin kallon tseren nan. “Ya san wurina, ya san hannuna.” Na juya na yi kamar ina rufe bokiti, don kuka ya zo mini.

Ranar tseren bai iya hawa ba, a gida muka kalla. Ya sa na aske masa gemu, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, kamar mai jiran baƙo. Terpin ya iso hawan shi kaɗai, na biyunsa na can baya da minti uku, Baba yana ta tsaki yana cewa wannan ai ba tsere ba ne, yawon shan iska ne. Da ya shiga kwana ta tara aka nuna daga sama, sunan ya fito fes, ya bi ta kansa ya wuce. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Baba ya ce, “Kin gani? Ya fito?” Na ce ya fito. Ya gyara zama ya ce a rage ƙarar talabijin, kuma kada kowa ya riƙe wayar gida. Har aka ba Terpin kofin nasara, har rana ta faɗi, miyarsa ta huce a gabansa bai taɓa ba.

Yau kwana goma sha shida. Ban sani ba ko ka gani. Wataƙila ka tashi ɗauko kofi a daidai lokacin, wataƙila kana wurin aiki. Idan haka ne, to ga shi na gaya maka. Idan kuwa ka gani ka yi shiru, Yaya, wannan tsakaninka da Allah, ni ba zan iya ɗaukarsa ba. Ba na ce ka zo ka ce Brusadin ya fi ba. Ka zo ku yi musun, ka ƙirga masa kofunan Terpin ɗaya bayan ɗaya, ya zage ka, na rantse zai fi masa maganin likita.

Shekaranjiya ina shafa masa mai a ƙafa ya tambaye ni, a hankali kamar ba komai ba, ko hoton da ake nuna mana nan shi ake nunawa a Kanada. Na ce a'a, na ji an ce can suna yawan yankewa su sa talla, musamman a tsakiyar hawa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai ya ce, “To, shi ya sa.” A ranar ya cinye abincinsa tas. Na yi ƙarya ɗaya dominka, Yaya, kuma ba ni da ta biyu.

Ka gaida Loredana da kyau, ka gaida Renzo da ƙaramar Nives, ka ce musu gwaggonsu na kewarsu. Danilo da Silva suna gaishe ku, haka Kawu Nerio da Gilda. Baba bai san na rubuto ba. Allah Ya sada mu da alheri, Ya sa ka iso da wuri.

Ƙanwarka,
Ornella