Jan Zaren Malam Falalu

Gyadi-Gyadi, Kano
12 ga Afrilu, 1954

Zuwa ga 'yata Iyabo, a Ikko.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abimbola da yara. Ni ce Inna Tabawa, matar marigayi Malam Falalu mai barkono. Malamin wasiƙa na bakin gidan waya ke rubutawa, ni ina faɗa.

Bayan haka, takardarki ta zo, an karanta mini. Kin ce buhu arba'in ɗin da na aika miki sun isa Ingila, Baturen da ke saye a hannunku ya buɗe ya tarar da fumfuna, barkonon ya yi baƙi ya cure kamar daddawa. Kina tambaya ko an canza wani abu bana.

Me za a canza? Filin shanyar nan ne dai na Tarauni, inda maigidana ya shekara ashirin yana yi wa ubanki shanya kafin ki gaji sana'ar. Ranar Allah ba ta canza ba. Jan zaren da ake ƙulla wa bakin buhu sau uku, da hannuna na ƙulla. Ki tambayi masu jirgin ƙasa inda suka bar taragon. Ki duba sitonki. Garinku ko gishiri aka ajiye sai ya jiƙe. Barkono ya bar Kano yana ƙaras-ƙaras, ni ban raka shi hanya ba.

Ba ni da sauran magana. Ki gai da yara. Allah ya bar zumunci.

Inna Tabawa

*

Ikko
29 ga Afrilu, 1954

Zuwa ga Inna.

Ina durƙusawa ina gaida Inna. Yaya zafi, yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan Baba Falalu.

Inna, na yi duk abin da kika ce. Na je wajen masu jirgin ƙasa, na duba sitona har rufi. Buhu ɗari muka aika a tarago ɗaya, a jirgin ruwa ɗaya. Sittin na sauran masu kawo mana sun isa lafiya. Masu jan zare ne kawai suka lalace.

Ni ba zan ɗaga murya a kan Inna ba. A Sabon Gari aka haife ni, kuma ban manta wadda ta goya ni wata uku ba lokacin da uwata take jinya. Amma Bature yana so ya ji wanda ya yi sakaci, in ba haka ba ya ce zai koma sayen na Mombasa. Sama da shekara ashirin ana cinikin nan, ba zan so ya mutu a hannuna ba.

Wanda ya sa hannu cewa barkonon ya bushe shi ne akawunmu na siton Kano, Obiechina. Aikinsa ne ya soki kowane buhu da ƙarfe ya ga abin da ke ciki. Mun tambaye shi, ya ce naki bai soka ba, bai kuma faɗi dalili ba. Abimbola ya sallame shi daga ƙarshen watan gobe. Ɗakunan da yake zaune na kamfani ne, zai tashi.

Na ce gara Inna ta ji daga bakina. Allah ya kai mu azumi lafiya, ko da yake ku ke yi, mu namu taya ku shan kunu.

'Yarki,
Iyabo

*

Gyadi-Gyadi
Sha biyu ga watan Azumi

Iyabo, salamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da mijinki.

Wannan da hannuna na rubuta, da ajami. Izu biyu na yi a allo aka yi mini aure, in rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Ban je wurin malamin wasiƙa ba saboda bakinsa ba ya rufuwa. Ki nemi mai karanta miki a ɓoye.

Jiya da hantsi Nkiru ta zo, matar Obi akawu. Tun daga Sabon Gari, da goyo a baya, da turmi a ka. Turmina ne, na ba ta aro shekara tara da suka wuce, na ma manta da shi. Ta sauke a ƙofar ɗakina.

Ta ce, "Inna, ga kayanki. Jirgi ba zai ɗauka mana ba."

Na ce, "Ina za ku?"

Ta ce, "Gida, Anaca. Yara biyar, ko ɗaya bai san garin ba. Babban ma Hausa yake yi mini in na zage shi."

Na ce, "To shi mijin naki, uban gafiya, me ya hana shi yin aikinsa? An ba shi ƙarfe ya soki buhu, ba ya yi ado da shi ba."

Ta yi dariya. Ta ce, "Ni ma abin da na ce masa ke nan, Inna, har da ƙari. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana sokar buhun kowa, har na 'ya'yan manya, ban da mai jan zare. Ya ce yanzu Malam ya mutu, ko shekara ba a yi ba, sai ya tsaya gaban 'yan dako ya soki buhun matarsa? Ya ce gara ya koma gida."

Na kawo mata ruwa ta sha, ni ina azumi. Ta ce in yafe musu in sun taɓa yi mini laifi. Na ce na yafe. Ki ji fa, ni na ce na yafe.

To ga magana. Ruwa na yayyafa.

Bara kin aiko cewa Bature ba ya son karyayyen barkono, yana son shi ɗai-ɗai da hancinsa. Malam da hannu yake zubawa, kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya, ba ya bari a taka buhu. Buhu arba'in sai ya kwana goma. Ni na fito daga takaba, gwiwa ta ƙi, mai mota ya ce kwana uku zai jira. Sai na yi abin da kowace mai barkono take yi a kasuwar Kurmi: na tsoma tsintsiya a ƙwarya na bi shanyar da ita, ya yi laushi, aka danna aka ɗinke. A Kurmi ba laifi ba ne, mako guda an sayar an daka an cinye.

Amma kada ki ce ban sani ba. Na sani. Sau nawa Malam ya ce barkonon da zai hau teku ko gumin hannu ba ya so. Ina yayyafawa ina jin muryarsa.

Ba don nauyi na yi ba. Amma da Obi ya ɗora buhu a sikeli ya ce, "Inna, bana akwai albarka," na san albarkar ta rijiyar Tarauni ce, na ce masa alhamdu lillahi. Sannan na zauna gaban malamin wasiƙa na ɗora wa garinku laifi.

Ki mai da yaron nan aikinsa. Ki gaya wa Bature tsohuwa ce ta yi. In kin ga dama ki daina saye a hannuna, ba zan ce kin ci amana ba. Azumin bana ban san ko yana hawa ba.

Wassalam.
Tabawa

*

Ikko
28 ga Mayu, 1954

Zuwa ga Inna.

Ina gaida Inna, ina yi mata sannu da shan ruwa.

Inna ta ce a karanta a ɓoye. A gidanmu babu mai karanta ajami. Na hau jirgi zuwa Agege wurin Malam Maje mai goro, shi kuwa kunnensa ya yi nauyi, ba ya karatu sai da ƙarfi. Fatake bakwai na zaune a zauren, biyar 'yan Kano. Sai da ya kai kan tsintsiya ya gane abin da yake karantawa, ya tsaya yana salati. Labarin zai riga wannan takarda isa Kurmi. Ban so haka ba, amma ba zan ɓoye miki ba.

Tun da aka ce mini fumfunar daga tsakiyar buhu ta faro, ba daga gefe ba, zuciyata ta gaya mini. Bakina ne ya kasa. Ni ma da nawa laifin, da na bari aka kai ga Obiechina.

An buga masa waya jiya, yana nan a aikinsa. Abimbola ya so a rabu da Inna, mun kwana biyu ba ma magana. Na rubuta wa Bature gaskiya. Abin da zan roƙe shi shi ne buhu ashirin na gwaji da kaka. Sai dai kowanne za a soka, a gaban kowa. Kuma babu jan zare, don ma'aikatansa sun riga sun san shi da ruɓa.

In Inna ta ga ba za ta iya tsayawa ana sokar buhunta ba, ta faɗa. Ba wanda zai ga laifinta.

Allah ya ba da lada, ya kai mu salla.

'Yarki,
Iyabo

*

Gyadi-Gyadi, Kano
20 ga Disamba, 1954

Iyabo, ina gaisuwa, ke da mutanen gida. Malamin wasiƙa ne ke rubutawa, yanzu babu abin ɓoyewa. A Kurmi Tabawa mai tsintsiya suke ce mini. Ina amsawa.

Buhu ashirin na hanya. Kwana tara na yi ina zubawa da hannu. Na bi motar har sito. Obi ya tsaya da ƙarfe a hannu yana kallon ƙasa, 'yan dako sun zuba ido. Na ce, "Soka mana, buhu ne, ba uwarka ba ce." Ya soka. Na ƙi tashi sai da ya gama da na ashirin. Duk a bushe.

Turmin na mayar wa Nkiru, na ce ba aro ba ne.

Da farar igiya na ɗinke, irin ta kowa. Ragowar jan zaren na mai da shi akwatin Malam na rufe. Dama nasa ne.

Allah ya kai kaya lafiya.

Inna Tabawa