Ni Na Gano Kuskuren Takardata, Ni Na Janye Ta, Ni Kuma Za a Sallama

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tabbatar da Ma'aikata na jami'armu,

Ranka ya daɗe, Farfesa, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, da fatan kai da iyali da sauran dattawan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Habu Ilyasu, malami a sashen ilimin kwamfuta, haifaffen Gagarawa, mazaunin Gumel. Sau biyu na rubuto maka ta ofis, aka yi kunnen uwar shegu da ni. Na zo da ƙafata, sakatarenka ya ce kana taro, kuma da alama har yau ba a tashi daga taron ba. Shi ya sa na fito fili, ba don rashin kunya ba. Kwamitinka ya ba da shawarar kada a tabbatar da ni a aiki, wato idan wannan zangon karatu ya ƙare, aikina ya ƙare ke nan. Dalilin da kuka bayar layi ɗaya ne: wai na taɓa janye takardar bincike bayan an buga ta. Gaskiya ne, na janye. Abin da ba wanda ya tambaye ni shi ne me ya sa.

Na ɗaya, ga aikin da nake yi. Fannina ilimin ɓoye saƙo ne. Duk lokacin da ɗan kasuwar Maigatari ya aika wa abokin cinikinsa na Damagaram saƙo ta waya, akwai lissafin da ke kulle saƙon don kada wani a hanya ya karanta. Mu ne masu ƙera irin wannan kwaɗon a kan takarda, sannan mu kafa hujja mataki-mataki cewa ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa. Ba mu da na'urar da za a ɗauki hoto da ita. Ranar da na bayyana gabanku, wani dattijo a cikinku ya tambaye ni ina abin da na ƙera a shekarun nan, na nuna masa shafuka, ya dube ni kamar wanda aka aika kasuwa ya dawo da buhu babu komai. Na haɗiye wannan, domin ko a gidanmu haka ake dubana.

Na biyu, ga abin da ya faru. Shekara uku na yi a kan hujja guda. Masana a waje suka duba, suka amince, aka buga. Na yi murna har na yanka wa mahaifiyata kaza, ita kuwa ta ci ta sa albarka ba tare da ta san murnar mece ce ba. Bayan wasu watanni, ina zaune a tashar Gumel da hantsi ina jiran motar Gagarawa ta cika, sai na ɗauko takardar don in shirya yadda zan koya wa ɗalibai. A nan idona ya faɗa kan wani mataki. Na ɗauka cewa mai leƙen saƙon zai tsaya ne yana kallo kawai. Ban yi la'akari da cewa zai iya aiko da nasa saƙon na ƙarya ya ga yadda za a amsa masa ba, kuma idan ya yi haka sau da yawa, kwaɗon nawa zai buɗe masa. Motar ta cika, muka tashi. Har motar ta wuce Gagarawa Tasha ban san inda muke ba.

Ranka ya daɗe, ba wanda ya gani. Masu dubawa ba su gani ba, masu karantawa ba su gani ba, kwamitinka kuwa, ba raini ba, ko shekara goma ya yi da takardar ba zai gani ba. Kuma ba zan yi maka ƙaryar waliyyantaka ba: mako biyu na yi ina shawara da zuciyata in yi shiru. Abin da ya hana ni shi ne tunanin wani ya ɗauki lissafina ya gina abu a kai, mutane su zuba sirrinsu a ciki saboda sun yarda da sa hannuna. Na rubuta wa mawallafan, na nuna musu ramin da yadda ake shiga ta cikinsa, na roƙi a janye. Na ƙara shekara guda ina gyara, aka sake dubawa, aka buga gyararriyar. Haka ake yi a fanninmu. Wanda ya fasa nasa kwaɗon da hannunsa, ba a kallonsa a matsayin maƙaryaci.

Na uku, ga yadda kuka yi da takardun biyu. Takarda ta farko kun ce ba ta shiga lissafi tunda an janye ta. Ta biyu kun ce maimaicin ta farko ce, don haka ita ma ba ta shiga. To ta yaya za ta maimaita wadda ba ta nan? Shekara huɗu na aikina suka tashi a tutar babu. Ba ku tsaya nan ba, sai da aka sa kalmar janyewa a fayil ɗina a ƙarƙashin babin da ake sa masu satar rubutun wasu. Wannan shi ya fi yi mini ciwo, kuma har yanzu idan na tuna raina ɓaci yake yi. Da na yi shiru, da yau ina da takarda guda mai rami da kuma takardar tabbatarwa daga gare ku.

Na huɗu, ga inda abin ya kai ni. Yayana Sale dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari. Tun da na fara wannan karatu yake tsokanata cewa ni kaɗai ya sani da ke wahala a kan kulle abin da ba a gani. Da labarin nan ya kai masa, bai yi dariya ba. Ya ce in zo ranar Alhamis in tsaya kusa da shi in fara koyon duba haƙoran shanu. Ban raina sana'arsa ba, ita ta kai ni makaranta. Amma rashin dariyar tasa ya nuna mini cewa ko shi ya ga abin ya zo ƙarshe, kuma na ji kunya, na ji baƙin ciki.

Na biyar, kuma saboda shi na fi ɗaukar alƙalami. Ina da ɗaliba guda a digiri na biyu, Malama Rabi, malamar lissafi daga Sule Tankarkar, mace mai 'ya'ya uku da ke shiga mota biyu kafin ta iso aji. Ita ta ba ni izinin ambatonta. Makon jiya ta same ni a ofis da kundinta, wanda aka riga aka duba aka ce ya yi. Ta buɗe wani shafi ta nuna mini kuskure a hujjarta, ita ta gano shi da kanta. Na duba, kuskure ne na gaske. A da, da rungumar wannan labari zan yi, domin ranar da ɗalibi ya kama kansa ita ce ranar da ya zama mai bincike. Sai ta tambaye ni, cikin ladabi, ko ta faɗa ko ta bari, ganin abin da ya same ni. Farfesa, na rufe kundin na miƙa mata. Na ce mata ta dawo ranar Litinin.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A cire sunana daga babin masu satar rubutu, ko da ba za a tabbatar da ni ba. A aika takarduna biyu ga duk wani masanin wannan fanni da kuka zaɓa da kanku, ba ni na zaɓa ba, in ya ce na yi ha'inci zan kwashe littattafaina ba tare da na ƙara cewa uffan ba. Sannan a rubuta a ƙa'idar jami'a, baƙi da fari, cewa wanda ya gyara kuskurensa ba ɗaya yake da wanda aka kama ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, Ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Ranar Litinin zan ce wa Malama Rabi ta faɗi kuskurenta, domin ban iya koyar da wani abu ban da wannan ba. Amma gaban kwamiti irin naka za ta kai shi, kuma wataƙila a lokacin ina Maigatari riƙe da igiyar bijimi, ba mai tsaya mata.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habu Ilyasu, Gumel